Baba zai saya mini sabuwa a kwali, malamina ya ce ba za ta yi aikina ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina aji biyu a sashen Fiziks. Wannan zangon muka fara kwas ɗin lissafi da kwamfuta, ana koya mana Python da MATLAB, kuma an ce in mun kai aji huɗu furojet ba zai yiwu ba sai mutum yana da tasa na'urar. Har yanzu ta ƙawata nake ara, sai ta gama da dare in karɓa. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ya ware naira dubu 400 daga kuɗin sallamarsa ya ce zai saya mini laftof. Akwai wani Alhaji abokinsa mai shago, ya nuna masa wata sabuwa fil a kwali, siririya mai kyau, Celeron, RAM giga 4, ma'adana giga 64. Na nuna wa malaminmu hoton kwalin, ya ce kada in yarda, in nemi ta hannu irin ta ofis. Da na ɗan taɓa wa Baba maganar sai ya ce shi ba zai kwashi gumin shekara talatin da biyar ya saya wa ɗiyarsa gwanjon Turawa ba. Ƙawayena kuma wasu na cewa in nemi MacBook, wasu na cewa sai irin wadda ake buga gem da ita. Kaina ya ɗaure. Ba na son in ɓata wa Baba rai, kuma ba na son kuɗin nan su tafi a banza, don na san ba za a sake samun irinsu ba. Me zan saya, kuma ta yaya zan faɗa masa?

Ɗiyarka daga Mabera, Sakkwato.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya sa ki zama sanyin idonsa. Malaminku ya faɗa miki gaskiya, wannan ta cikin kwalin ba ta aikinki ba ce. Baba ma yana da tasa hujjar, kuma can ne wuyar maganar take, amma bari mu fara gamawa da na'urar.

Irin waɗannan an ƙera su ne don ɗan sakandare ya kalli darasi a intanet, ko mai shago ya buga rasit. Kamfanin Microsoft ya ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata shi ne RAM giga 4 da ma'adana giga 64. Kin ga ke nan wadda Alhaji ya nuna a bakin layi take tsaye. Za ta kunnu, ta yi miki sallama, sannan ba ta da sauran ƙarfin da za ta ba ki. Masu MATLAB kuwa giga 8 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, suna ba da shawarar 16.

Ki ɗauki RAM kamar teburin da tela ke shimfiɗa yadi ya yanka, ma'adana kuma durowar da yake ajiye ɗinkunan mutane. In teburin ƙarami ne, komai ƙwarewar telan sai ya riƙa naɗe wannan ya tura durowa kafin ya warware wancan, ya yini a kan riga ɗaya. Tunda ke ɗalibar Fiziks ce, mu yi lissafin tare. Matiriks mai sahu 10,000 a kwance da 10,000 a tsaye yana ɗauke da lambobi miliyan 100. Kowace lamba, a yadda NumPy, wato kayan lissafin Python, da MATLAB ke ajiye ta, bait 8 take ci. Mega 800 ke nan guda ɗaya. In kika ninka biyu da juna sai an ajiye na uku na amsa, kin tashi da giga 2.4, ga ita Windows ta riga ta cinye fiye da rabin giga huɗun tun kafin ki taɓa komai, ga burauza a buɗe kina duba darasi. A nan ne na'ura ke daskarewa, ki motsa linzami ya ƙi motsi, ki zauna kina salati. Ba kullum za ki yi lissafi mai wannan girman ba, amma ranar da za ki yi shi ita ce ranar da furojet ya matso.

Abin da ya fi muni, a yawancin waɗannan sirara RAM ɗin a manne yake da bod, wato babban allon da ke cikin na'urar, ba a cire shi, ba a ƙara shi. Ma'adanar giga 64 ɗin ma galibi irin wadda ake kira eMMC ce, 'yar'uwar katin waya, ita ma a manne. Windows za ta kwashe kaso mai tsoka, MATLAB ya zo, Anaconda mai ɗauke da kayan Python ya zo, ki sa LaTeX don rubuta furojet, shi ke nan sai jan saƙo cewa wuri ya cika. Ita kuma furosesar, wato ƙwaƙwalwar na'ura, Celeron irin su N4020 ƙwayar lissafi biyu gare ta, kuma ba ta da wani umarni da ake kira AVX, wanda TensorFlow ɗin da kowa ke saukewa don aikin ƙirƙirarriyar basira ba ya tashi sai da shi. Duk wannan ba laifin Alhaji ba ne. Kaya ne mai kyau ga wanda aka yi shi dominsa.

Maganar ƙawayenki ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ta gem tana da nauyi, tana da zafi, batirinta ba ya jimawa, cajarta kaɗai ta isa kaya a jaka. Abin da ake biya a jikinta shi ne katin girafik na NVIDIA, ke kuma a aji biyu da uku babu abin da za ki yi da shi. In ranar ta zo kina son horar da wata ƙirƙirarriyar basira, Google Colab da Kaggle suna ba da aron irin wannan katin kyauta ta intanet, gwargwadon samuwa, data kawai za ki saya. A kuɗinku kuma duk ta gem ɗin da za a miƙo miki ta riga ta sha wuya a hannun wani. MacBook mai M1, wadda ta fito a 2020, na'ura ce ta gaske, batirinta na da ban mamaki, ba na musu. Sai dai ba a ƙara mata RAM, in ta lalace gyaranta da tsada, kayanta sai an aika Kano ko Legas. Waɗanda za su sauko kusa da kuɗinku galibi tsofaffi ne masu Intel, su kuma kamfanin Apple ya riga ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce manhajar tafiyar da na'ura ta ƙarshe da za ta hau kansu. In ado ne ke jan ƙawayenki, to ki bar musu.

Abin da nake so ki nema shi ne laftof ɗin ofis da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke saya wa ma'aikatansu, su yi 'yan shekaru da ita su sauya, dillalai su kwaso su kawo mana. Gida uku ne: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook na HP. In kina son sunaye, ga ThinkPad T480, ga Latitude 5490, ga EliteBook 840 G5, dukkansu 'yan 2018. An ƙera su don a riƙa kwance su ana gyarawa. Kowace a cikin ukun tana da ramin RAM biyu, ana cire ma'adanarta a sa wata, kuma batiri da kibod da sikirin ɗinsu ba sa wuyar samu, saboda an shigo da su ƙasar nan da yawa. In kuɗi sun kai ga wadda ta ɗara su, irin ThinkPad T14 mai Ryzen 5 PRO 4650U mai ƙwaya shida, to madalla. Ni dai a cikin ukun farko T480 na fi so wa ɗan makaranta a garin nan, don batiri biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, na wajen ana zare shi a sa wani ba tare da an kashe na'ura ba, kuma akwai babbansa mai awon 72Wh.

Ga wurin da ake cin mutane da yawa. Mai shago zai ce miki, Hajiya, wannan Core i7 ce fa, ya buga ƙirji. Ki ce ya nuna miki lambar gaba ɗaya. In kika ga i7-6600U ko i7-7600U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, wato na shida da na bakwai, kuma ƙwaya biyu kacal gare su. Ita kuwa i5-8250U ko i5-8350U, zubi na takwas, wanda Intel ya fara fitarwa a 2017, ƙwaya huɗu gare ta. Don haka i5 ta zubi na takwas ta fi waccan i7 ɗin aiki nesa ba kusa ba, ga shi sau da yawa ta fi ta araha saboda mutane suna bin suna. Daga zubi na goma lambobi biyun farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Akwai dalili na biyu da ya sa na kafe a kan na takwas. Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawar da ta saba ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Masu shago sun iya tura ta da ƙarfi a kan tsofaffi, ki ga tambarin Windows 11 ki ɗauka komai lafiya. Kuma ki kula, ko a cikin ukun da na ambata akwai waɗanda aka fitar da zubi na bakwai a cikinsu, sunan jiki ɗaya, abin ciki daban. Lambar ita ce shaida.

RAM giga 16 nake so ki fita da shi daga shago. In an sami mai 8 a farashi mai sauƙi, ki saya ki ce a ƙara wani 8 ɗin a gabanki, aikin minti kaɗan ne. Dalilin da ya sa ban tsaya a 8 ba shi ne Linux, manhajar tafiyar da na'ura irin Windows. Manhajojin da ake furojet ɗin Fiziks da su, irin Quantum ESPRESSO da LAMMPS da ROOT na cibiyar CERN, kyauta ne, kuma a kan Linux suka fi zama lafiya. Ko ki sa Ubuntu, wani nau'in Linux, gefe da Windows, ko ki kunna ta a cikin Windows ta hanyar WSL, ta biyun kuwa tana son RAM. Ma'adana kuma lallai SSD, giga 256 in an matsu, 512 in da hali. Kada a ruɗe ki da terabait guda na tsohon faifai mai juyawa. Yana da faɗi amma yana da nawa, kuma girgizar kabu-kabu da ta motar Dundaye ba ta yi masa daɗi. Sikirin ki nemi mai 1920 da 1080. Mai 1366 da 768 zai sa ki riƙa ja sama da ƙasa kina neman layin da kuskure yake har idonki ya yi ruwa.

Sai abin da masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa tunawa da shi, wato garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, yawancin kamfanoni kuwa 35 suka rubuta a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da na'urarsu. In furosesa ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ki ga lissafin da ya kamata ya ƙare kafin la'asar ya kai magariba. Kada ki ɗora ta a kan katifa ko darduma ko filo, nan take ramukan shan iskarta ke toshewa. Ki samu katako ko tire ki ɗora, ki ɗan ɗaga bayanta da littafi, lissafi mai nauyi kuma ki bar shi sai dare ko bayan asuba. In hunturu ya wuce ki kai ta a buɗe a share ƙurar da ta taru a fanka, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Zafi kuma shi ne babban maƙiyin batiri. Ranar da kika ga wurin taɓawar nan na gaban kibod ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batiri ne ya kumbura, ki daina caji ki kai a cire shi a ranar.

Wuta kuma kin fi ni sanin halinta a ɗakunan kwana. Shi ya sa nake ganin awa huɗu na batiri sun fi miki ƙarin gudun da ba za ki lura da shi ba. T480 da 840 G5 duk suna karɓar caji ta USB-C, don haka nan gaba in Allah ya hore kina iya sayen fawabank mai ba da wat 65 ki riƙa cajinta da shi. Cajar ta zama ta asali. Ta bogi tana da arha, amma ranar da wuta ta zo da ƙarfi ko janaretan mai cajin waya ya yi tari, bod ɗin take tafiya da shi.

Yanzu ranar saye. Ba a cinikin biri a sama, don haka kada a turo miki hoto ta WhatsApp a ce ki tura kuɗi. Ki je da yayanki ko wani ɗan ajinku da ya san na'ura, ki ware awa guda, kada kunya ta sa ki gaggawa. Ki kunna ta da hannunki. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance, a nan za ki ga cikakkiyar lambar furosesa, da yawan RAM, da ko SSD ce. Takardar da aka manna a jiki ba hujja ba ce, ana sayar da irinta. Daga nan ki buɗe Command Prompt ki rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar miki da rahoto mai lambobi biyu da nake so ki kalla: abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake ɗauka yau. In na yau bai kai kashi 70 cikin 100 na na farko ba, ko a sauya batiri ko a rage kuɗi. Ki zare caja ki bar ta tana aiki kina kallon yadda kason ke sauka.

Ki buɗe wurin rubutu ki danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, har da baka-baka da alamomin da mai rubuta manhaja ke rayuwa da su. Ki duba jerin haruffan da kyau. Wasu daga Jamus suke, Z a wurin Y, wasu daga Faransa, A a wurin Q, sai a manna musu takarda a kai, bayan wata biyu ta fara ɓarewa. Ki gwada kowane rami da filashi, ki gwada kyamara da lasifika da Wi-Fi. Ki sa farin shafi ya cika sikirin ki nemi tabo ko layi. Ki buɗe murfin ki rufe ki ji ko maƙallan suna ƙara. Ki kunna bidiyo da wasu abubuwa masu nauyi na kwata guda, ki sa kunne ki ji fanka, ki sa hannu a ƙasa.

Abu biyu kuma da in an same su babu ciniki ko nawa aka rage. Na farko, ki sake kunna ta ki shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ki gwada sauya wani abu. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ki ajiye. Na biyu, wasu na zuwa har yanzu a ɗaure da rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, sai ranar da aka sake loda Windows aka haɗa da intanet ki ga sunan wani kamfani yana neman ki shiga da asusun ma'aikacinsa. Maganin wannan shi ne a loda sabuwar Windows a gabanki, da intanet a haɗe, har ta kai ƙarshe. In komai ya yi, a rubuta rasit da lambar jikin na'urar, da kwanakin da aka yarda za ki iya mayarwa in wata matsala ta fito, mako biyu ko wata, duk abin da kuka daidaita. Rasit ɗin nan yana kare ki daga wani abu ma daban. Wanda ya tare ki a makaranta da laftof mai kyau a rabin kuɗi yana cewa matsuwa ce, sau da yawa ta wani ce ya ɗauke, kuma a hannun wanda aka gan ta ake fara tambaya.

Kada a zuba dubu 400 ɗin duka a jikin na'ura. Farashi yana bin dala, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, don haka ki zaga shago uku ko huɗu a rana ɗaya, ki sa wani ya tambayo miki Kano ki kwatanta. Amma ko yaya aka yi, a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe. Daga ciki za a ƙara RAM, a sayi jaka mai soso, da soket mai kare na'ura daga wutar da ta zo da ƙarfi, sauran kuma a ajiye wa batirin da za a sauya nan da shekara ɗaya ko biyu. Manhaja kuwa kada ki kashe mata ko sisi. Python da R da gfortran da VS Code kyauta ne, GNU Octave kuma yana gudanar da mafi yawan abin da za a ba ku a MATLAB a wannan matakin. Ki guji waɗanda ake fasawa ana lodawa a shago, da ƙwayar cuta suke zuwa. Kuma tun ranar farko ki saba da ajiye aikinki a GitHub ko Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta. Ana satar laftof a ɗakin kwana, kuma ɓarawo ba ya tambayar ko babi na huɗu na ciki.

To, mu zo kan Baba.

Ki fahimci abin da yake faɗa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar da alli a hannu, ya jira kuɗin sallama har suka fito, yana so ya ga ɗiyarsa ta yage ledar sabon abu da hannunta. Wataƙila shi kansa bai taɓa saya wa kansa abu mai wannan tsadar ba. Kuma tsoronsa na gaskiya ne: sabuwa tana da garantin shekara, ta hannu kuwa ba a san abin da ta gani ba, an kuma sha sayar wa mutane ruɓaɓɓu. In kika je masa da cewa Alhaji bai san kwamfuta ba, ko Baba ai ba ka gane ba, kin rasa shi, ko da ke ce mai gaskiya.

Ki fara da takarda. Ki koma wurin malaminku ki roƙe shi ya rubuta da hannunsa abin da kwas ɗin ke buƙata, RAM kaza, furosesa kaza, ma'adana kaza, ya sa hannu. Baba malami ne. Ya san in malami ya rubuta sunan littafin da za a saya, ba a zuwa kasuwa a sayo wani don bangonsa ya fi ƙyalli. Da wannan takardar magana ta tashi daga ra'ayin yarinya ta koma sharaɗin makaranta, kuma ba sai kin yi jayayya da kowa ba. Sannan ki bi ta wurin Inna. Ita ta san lokacin da ake kai masa magana da lokacin da ake bari, kuma ta san kalmar da ke shiga kunnensa. In kuma ke za ki faɗa, ki bari sai ya ci abincin dare ya natsu, ki durƙusa ki fara da godiya, ki ce kina tsoron ne kada kuɗinsa su tafi a abin da za a jingine bayan zango ɗaya. Kalmar gwanjo ce ta tsaya masa a rai, to ki bayyana masa asalin kayan: na ma'aikatan banki da injiniyoyi ne, kuma ranar da suke sababbi kuɗinsu ya ninka na wannan ta kwalin sau da yawa. Ai shi ya fi ki sanin cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Alhaji kuma kada a tsallake shi. Abotarsu ta girme ki, kuma wani ɓangare na nauyin da Baba ke ji shi ne ya riga ya yi magana da mutum. Cinikin ya zauna a shagonsa. A kai masa takardar malam a ce ga abin da makaranta ta ce, ya samo irinta, ko yana da ita ko ya sa a aiko masa daga Kano ko Computer Village ta Ikeja. Ribarsa tana nan, zumunci yana nan, ke kuma kin sami abin da baƙon mai shago ba zai ba ki ba, don mutumin da zai haɗu da Baba a masallaci da wurin ɗaurin aure ba zai so ya ba ɗiyarsa ruɓaɓɓiya ba. In ya kawo, ki roƙi a ajiye su biyun gefe da gefe a kan kanta, a kunna tare, a buɗe abu ɗaya a kowace, Baba yana kallo. Gani ya kori ji. Amma duk gwajin da na lissafa miki sai an yi shi, ko da a shagon Alhaji ne, cikin ladabi, ki ce malam ne ya ce a duba.

Yana iya yiwuwa duk da haka Baba ya ce shi dai sabuwa. To a nan sai ki roƙi a ɗan jinkirta a ƙara kuɗi, a nemi sabuwa mai Core i3-1215U ko Ryzen 5 5500U, dukkansu ƙwaya shida, da RAM giga 8 wanda ake iya ƙarawa, da SSD. Waɗannan za su kai ki aji huɗu ba tare da kuka ba, ko da jikinsu roba ne bai kai na ofis ƙwari ba. Kafin kuɗin su cika ki ci gaba da lallaɓa ta ƙawarki da ɗakin kwamfutar sashenku.

In kuma kika dawo daga makaranta wata rana kika tarar ya riga ya sayo ta kwalin ya ajiye miki a kan gado, ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, kada ya ga komai a fuskarki. Washegari ki tambayi Alhaji a hankali ko zai karɓa a yi musaya tun ba a yage leda ba. In bai yiwu ba, ki sa a cire Windows a loda mata Linux mara nauyi irin Lubuntu ko Linux Mint Xfce, ki sa Octave a madadin MATLAB, ki sayi katin ajiya don takardunki, lissafi mai nauyi kuma ki riƙa tura shi Colab. Za ta kai ki ƙarshen aji uku a haka, kafin nan ki fara tara na wadda za ki yi furojet da ita.